Gadon Da Ba A Rabawa: Magana A Kan Kayan Tarihin Ƙasar Yauri

A cikin watan Disamba na 2024 aka ji a rediyo cewa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu, wadda ake kira UNESCO, ta shigar da hawan sallar Kano cikin littafinta na al'adun da 'yan Adam suka gada. Bayan wata shida, cikin Yuni na 2025, ƙasar Holan ta mayar wa Nijeriya kayan tarihi guda 119 daga cikin waɗanda sojan Ingila suka kwashe a fadar Sarkin Bini a 1897. Tun daga nan manyan ma'aikata da 'yan jarida suka riƙa jefa waɗansu kalmomi a cikin zancensu, suna ta ambaton tsare gado da mayar da kaya da rajistar wurare. Mai rumfar albasa a kasuwar Yelwa, ko malamin da ke zaune a zaurensa a Wara, yana iya zaton wannan magana ce ta Turawa da 'yan boko. Alhali kuwa ƙasashe kaɗan ne a Arewa da zancen ya shafa kamar Yauri, domin ita ce ta ga garuruwanta sun nutse a idon jama'a, har yau kuma da sauran waɗanda suka shaida abin da ransu. Saboda haka ya kamata a warware ma'anar waɗannan kalmomi, a auna su da abin da ya faru a bakin Kwara.

Kalma ta farko ita ce gado. Malamai sun san gado a babin rabo: mutum ya rasu, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, sa'an nan a raba abin da ya saura, wannan ya ɗauki sumuni, wancan ya ɗauki sudusi, kowa ya yi yadda ya ga dama da rabonsa. Gadon da masu tsaron tarihi suke nufi ya fi kusa da hubusi, watau wakafi, wanda ake tsare asalinsa a ci amfaninsa. Ganuwar Birnin Yauri ba ta da wani magaji guda da zai nuna kusurwa ya ce tasa ce ya sayar. Mutanen kowane zamani masu riƙon amana ne, sun karɓa daga na baya, za su miƙa wa na gaba. An kasa wannan gado kamar yadda malaman fiƙihu suka kasa dukiya. Akwai abin da ba ya ɗaukuwa, kamar ganuwa da kufai da masallaci da maƙabarta, shi ne yarjejeniyar UNESCO ta 1972 ta yi magana a kansa. Akwai abin da ake ɗauka, kamar littafi da takobi da tambari da tukunya, shi kuwa yarjejeniyar 1970 ta hana fataucinsa ta ɓarauniyar hanya. Daga baya, a 2003, aka ƙara kashi na uku, wanda ba shi da jiki sam, watau harshe da waƙa da sana'a da sanin da ke cikin ƙirjin mutane. Ruwan Kainji ya taɓa dukan ukun, sai dai ba da awo ɗaya ba.

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka toshe Kwara a 1968, daidai da 1388 ta Hijira. Ruwa ya koma baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya kai har saman Yelwa. Aka ta da kimanin mutum 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, a ƙasar Yauri da ta Bargu. Tsohuwar Busa ta nutse ɗungum, aka gina Sabuwar Busa. Mafi yawan tsibirin Foge ya shiga ruwa. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya fito, watau tsibiri, aka fitar da su daga tsibiransu inda suke noman albasa na ban ruwa, aka zaunar da su a tudu cikin gidajen bulo da wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara. Wannan a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ne.

To, a cikin waɗannan shekaru ɗin dai, 1964 zuwa 1968, wani aiki yana gudana a Masar. Madatsar Aswan za ta cinye gine-ginen Fir'auna na Abu Simbel, sai UNESCO ta yi kira ga duniya tun 1960, ƙasashe wajen 50 suka ba da gudummawa, aka yayyanka dutsen gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi mita 65 zuwa sama, aka sāke harhaɗa shi. Daga wannan aiki ne tunanin yarjejeniyar 1972 ya fito. Mai hankali zai lura da bambancin. Dutse mai sassaƙa ya sami masu kuka saboda shi a Faransa da Amurka, garin ƙasa kuwa, da rumbunansa da kushewun kakanninsa, ba a lissafa shi cikin abin da ya cancanci ceto ba. Ma'aunin wancan zamani ke nan, an kuwa daɗe kafin a gyara shi.

Duk da haka ba za a ce ba a yi kome ba. Akwai abin da ake kira haƙan ceto, watau idan an tabbata wuri zai halaka, masana su yi gaggawar tona shi su rubuta abin da ke ciki kafin ya tafi. Robert Soper ya zaga kwarin a farkon shekarun 1960 yana sa wa tsofaffin wurare alama. Sa'an nan daga 1966 zuwa 1968 su Priddy da Hartle da Breternitz suka yi haƙa a tudun Baha da Kagoge da Ulaira da Monai da tsohuwar Wara da tsohuwar Busa, da wani tudu kusa da Yelwa. A haƙan Yelwa aka sami tukwane da kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu. Aka auna gawayin da ke tare da su, domin duk abin da ya taɓa rayuwa yana ɗauke da wani sinadari mai raguwa bisa ma'auni sananne bayan mutuwarsa, rabinsa yakan tafi cikin kimanin shekara 5,700. Awon ya nuna mutanen wurin sun zauna tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na Miladiyya, watau mafi yawan zamaninsu kafin Hijira ne. Ashe ana ƙira ana ginin tukwane a bakin Kwara tun ba a san sunan Yauri ba. Sai dai haƙan ceto kamar kwasar kaya ne daga ɗakin da gobara ta kama. Abin da hannu ya kai shi aka fitar, wurare kaɗan ne aka tona cikin masu yawa, sauran suna ƙarƙashin ruwa.

A nan ne ake zuwa ga kalmar da ta fi kowace wuyar shiga kunnen ɗan kasuwa, ita ce mazauni, watau inda aka sami abu da abin da ke kewaye da shi. Ƙasa tana jera tarihi hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Tukunyar da aka samu a zurfin kamu shida, ƙarƙashin toka, kusa da kashin maƙera, tana ba da labarin wanda ya yi ta da zamaninsa da sana'arsa. In wani ya tumɓuke ta da dare ya kai ta Legas, tukunyar tana nan lafiya lau, amma labarin ya mutu, ba kuwa mai iya raya shi. Malaman hadisi ba su bukatar dogon bayani a nan. Sun san matani in ya rasa isnadi darajarsa ta faɗi, ko da lafazinsa ya yi daɗi. Masu gidajen tarihi ma suna da nasu isnadin: daga wane rami abu ya fito, hannun wa ya shiga, a wace shekara, da izinin wa ya ƙetare iyaka. Da wannan salsala ce Nijeriya ta kafa hujja a kan kayan Bini, domin an san shekarar da aka kwashe su da waɗanda suka kwasa. Abin da aka tone a ɓoye kuwa ba shi da salsala, in ya fita ya fita ke nan, ba a da shaidar da za a nemo shi da ita.

Wannan ba zancen nesa ba ne. A cikin shekarun 1990 masu tonon sata suka afka wa ƙasar Nok da sassan Katsina da Sakkwato, suka yi ta fitar da mutum-mutumin yumɓu zuwa kasuwannin Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya, a shekarar 2000. Ƙasar Yauri da Ngaski kuwa ƙasar zinariya ce tun zamanin Turawa, masu haƙa kuma sun yawaita a 'yan shekarun nan. Wanda ke neman zinariya ba ya tsayawa duban tsingaro. Idan ya ci karo da tsohuwar tukunya, ko dai ya fasa ta don ya ga abin da ke ciki, ko ya nemi dillali.

Mai karatu zai ce ai shari'a ta yi hukunci a kan abin da aka tono. Gaskiya ne. A mazhabar Maliku, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne sunanta rikazi, ana fitar da humusi daga gare ta. Wadda aka ga alamar Musulmi a kanta kuwa hukuncin tsintuwa gare ta, a yi cigiya shekara guda. Amma malaman da suka yi wannan bayani suna magana ne a kan dukiya mai ƙima a kasuwa, tsingaro da gawayi kuwa ƙimarsu a shaidar da suke bayarwa take. Har wa yau akwai dokar ƙasa, ya kuwa kamata fatake su san ta don tsare mutuncinsu. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi, aka ƙarfafa ta a 1974, sa'an nan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashinta, duk abin da aka tono na mutanen dā, da duk aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918, har da rubutaccen littafi da takarda da kayan sarauta da makami, kayan tarihi ne. Ba a haƙa nemansu sai da izini. Wanda ya ci karo da su ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa. Ba a sayar da su sai ga hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a fitar da su ƙasar waje sai da takarda. Dillalin da ya zo da kuɗi a hannu yana neman tsohon Alƙur'ani na rubutun hannu ko takobin kaka, ya san wannan doka sarai, mai sayarwa ne bai sani ba.

Akwai kuma waɗanda ba sayarwa suke yi ba, farfasawa suke yi, suna cewa gumaka ne. Niyyarsu tsoron shirka ce, ba a raina ta. Amma a duba. Abin da aka ajiye a gidan tarihi da lamba a jikinsa ba wanda yake yi masa yanka ko sujada, shaida ce kawai a kan waɗanda suka shuɗe. Musulmi sun ci Masar tun zamanin Sayyidina Umar, manyan malamai sun rayu sun mutu a Alƙahira, gine-ginen Fir'auna kuwa suna tsaye har gobe.

Sai maganar gini. Birnin Yauri, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Ngaski, shi ne tsohuwar hedkwatar sarautar kafin a zauna a Yelwa a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar nan suke bi su ƙetare Kwara. Ragowar ganuwarsa ita ce babbar shaidar wancan girma. Masu tsaron tarihi suna cewa kowane wuri irin wannan yana bukatar fili kewaye da shi wanda ba a gini ba a haƙa a ciki, suna kuma zana shi a taswira. Bahaushe ya riga su sanin wannan, sunansa hurumi, kamar hurumin gari da na maƙabarta, malamai kuma sun san harimin rijiya a littattafan fiƙihu. Ganuwa ba ta faɗuwa rana ɗaya. Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya faɗaɗa gonarsa kamu biyu, wani ya yanka fuloti, shekara ashirin sai a nemi ganuwa a rasa. Wanda ya san badalar Kano a dā ya kuma gan ta yanzu ya ga misali, ko da yake tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, tare da kufan Surame na Kanta. Shiga jeri ba ya tsare kome in ba mai tsaro a wurin.

Aikin da ake yi wa tsohon gini iri uku ne, mutane kuwa sukan kira su duka gyara, daga nan ɓarna take shigowa. Na farko kiyayewa, watau a hana lalacewa ta ci gaba: a gyara indararo, a kashe gara, a toshe tsaga, a janye ruwa daga gindin bango. Na biyu mayarwa, watau a komar da abin da ya lalace kamar yadda yake a dā, bisa shaida tabbatacciya. Masana da suka taru a birnin Banis na Italiya a 1964 sun ƙulla cewa mai wannan aiki ya tsaya daidai inda saninsa ya ƙare, kada ya cika sauran da zato, abin da ya ƙara kuma ya zama ana iya rarrabe shi da na asali. Na uku sāke gini daga tushe bayan abu ya tafi. Ba a hana shi ba, amma ba a kiransa tsoho. Mafi yawan abin da 'yan kwangila suke yi da sunan mayarwa na ukun ne: a rushe ginin ƙasa, a ta da na siminti, a shafa jan fenti, a kafa allo. Ko shafa siminti a kan bangon ƙasa ma cuta ce, domin ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, bango ya ruɓe ta ciki alhali fuskarsa tana sheƙi, azara ta ci, wata rana ya zube gaba ɗaya. Maginan gargajiya da ke yaɓe da makuba sun fi injiniya sanin wannan.

Daga nan wata mas'ala ta taso wadda ta daɗe tana damun masana, ita ce sahihanci. In ana yi wa bango yaɓe kowace shekara, bayan shekara ɗari ina na asalin? Turawa da suka saba da dutse sun ɗauka sahihanci a jikin kayan gini yake. Amma babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka gina a 1907, duk shekara mutanen gari suke fitowa su yaɓe shi, ba kuwa wanda ya ce ya zama jabu. A taron da aka yi a Nara ta Japan a 1994 aka yarda cewa sahihanci yana iya kasancewa a cikin sana'a da tsari da amfanin da ake yi da wuri, gwargwadon al'adar masu shi. Malami zai gane wannan da sauƙi. Allo ana wanke shi a sāke rubutu, karatun kuwa shi ne dai, muddin an karɓe shi daga bakin malami zuwa bakin malami. Da wannan fahimta ce maginan Tambutu suka sāke ta da hubbaren waliyyai a 2015, bayan masu ɗauke da makamai sun rushe su a 2012, kotun duniya kuma ta ɗaure ɗaya daga cikin jagororin rushewar, Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, shekara 9 a 2016. Kada kuma a ɗauka kiyaye tsohon gini ado ne kawai. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka.

Abin da ya fi kusa da masu karanta wannan shafi shi ne littattafan da ke cikin gafaka da adaka. Maƙiyansu sanannu ne: gara, ɓera, danshi, ɗigar rufi, gobara, da magajin da bai yi karatu ba. Maganin da masana suka fi ƙarfafawa rigakafi ne, ba ya kuwa cin kuɗi. A ɗaga littafi daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a buɗe shi lokaci-lokaci a inuwa ya sha iska, kada a shanya shi a rana. Wata ƙa'idarsu kuma ita ce kada a yi wa abu gyaran da ba a iya warwarewa. Salatif yana rawaya ya ci takarda ya ɗebe tawada. Kai tsohuwar takarda wurin masu injin liƙa leda da zafi kuwa hallaka ta ne da kuɗin mai ita. Kada a datse gefen da ya tsufa don ya yi kyau, domin a gefe ne malaman dā suke rubuta sharhi da sunan wanda suka karanta a wurinsa. Warƙar ƙarshe ta fi kowace daraja, a nan mai kwafi yake sa sunansa da na garinsa da ramzin shekara. Ko takardar kanta shaida ce: in an ɗaga ta ga haske aka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, to irin wadda ake yi a Italiya ce, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Rabon gado ma yakan yi wa littafi illa, a kasa shi juzu'i-juzu'i tsakanin 'ya'ya, kowane kashi ya zama marar kai marar gindi. Gara a yi masa ƙima ɗaya ya riƙe, ko a mai da shi wakafin zuriya. Ɗaukar hotonsa a kwamfuta yana da kyau ƙwarai, Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato sun san wannan aiki, amma hoto ba ya maye gurbin asali, kuma mai littafi ya nemi a rubuta masa sharaɗi kafin ya miƙa.

Rashin zaman lafiya ya ƙara wa wannan magana nauyi. Tun harin da aka kai makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri cikin Yuni na 2021 kowa ya san halin da yankin ya shiga, ƙauyuka da dama sun watse a lokuta daban-daban. Mai gudun ransa ba ya ɗaukar adaka. Mutanen Tambutu da suka ga irin wannan a 2012 da 2013, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun zuba littattafansu cikin akwatunan ƙarfe suka fitar da su a ɓoye zuwa Bamako, waɗansu a mota waɗansu a jiragen ruwa a kan wannan Kwara ɗin dai. Sun iya haka ne domin sun riga sun san wane gida yake da me.

Kashi na uku, wanda ba shi da jiki, shi ne ya fi saurin tafiya, ba kuwa a jin ƙarar faɗuwarsa. Shanganci harshe ne daga dangin Mande, ɗan'uwan harshen Busa da na Kyangawa, ba ya da dangantaka da Hausa. Yau mafi yawan Shangawa Hausa suke yi, harshen ya saura a ƙauyuka kaɗan. Gungawa, masu kiran kansu Reshe, su ma da yawa sun koma Hausa, har wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, ya yi rubutu a kan yadda suke zama Yaurawa tun shekarun 1970. Gaskiya ita ce kasuwa da makarantar allo suna cikin abin da ya yaɗa Hausa a nan, don haka ba laifi in malamai da fatake su ne suka fara biyan wannan bashi. Harshe in ya tafi yakan tafi da sunayen kifaye da na tsibirai da na magunguna, da sanin inda ruwa yake da zurfi da inda dutse yake. Alƙalami da tawada da ajami sun isa a zauna da tsoho a rubuta kalmominsa.

Yarjejeniyar 2003 ta ce irin wannan gado masu shi ne suke raya shi, ba a kulle shi a akwati. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, ya shiga littafin UNESCO a 2016, abin da aka rubuta kuwa shi ne sanin masunta da al'adun kogin Matan Fada, ba rumfar manyan baƙi ba. Yauri ma tana da Rigata, inda ake tseren jirage da nuna gwanintar ruwa. Abin tsoro ga kowane biki irin wannan shi ne ya koma kallo na kwana uku, a raba riguna da kyaututtuka, alhali masassaƙin jirgin da ya iya aikin ya tsufa ba shi da almajiri.

Saura abin da ke ƙarƙashin tafkin. A 2001 aka yi yarjejeniya a kan gadon da ke cikin ruwa, Nijeriya ta shiga a 2005. Ta ƙayyade cewa abu yana shiga wannan suna in ya shekara 100 a nutse, ta kuma fifita a bar shi a mazauninsa a kan a tsamo shi. Bisa wannan lissafi, garuruwan da suka nutse a 1968 sai 2068 za su cika sharaɗi. A cikinsu akwai tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yauri, inda kuma Richard Lander da ƙanensa John suka zo a 1830, aka nuna musu wani littafin lissafi nasa, suka hau har Yauri neman sauran takardunsa wurin Sarki suka koma hannu wofi. Amma tafkin ba ya jiran shekara ɗari. Kowace shekara ruwa yana hawa yana sauka da mita da dama, igiya tana cin gaɓa, in ya janye sai tsofaffin tuddai da tsingaro da kaburbura su bayyana, in ya dawo ya tafi da wani abu.

Tun 1992 Nijeriya take da dokar da ta wajabta a auna illar babban aiki kafin a fara shi, abin da babu shi a zamanin Kainji. An kuma yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, a 2010, Jihar Kebbi tana cikin jihohinta. Aikin da ke gaban kome, wanda masana suke kira ƙididdiga, ba ya bukatar injin ko ƙwararre daga Turai. Shi ne a bi gunduma-gunduma, daga Shanga zuwa Ngaski, a rubuta kowane kufai da ganuwa da maƙabarta da gidan da yake da littattafai, da sunan kowane gari da ya nutse, da inda yake, da inda mutanensa suka koma. Fadar Sarkin Yauri tana da hakimai da dagatai da limamai a kowane lungu, Sarki Muhammadu Zayyanu Abdullahi da aka naɗa a 1999 kuwa ya taɓa shugabantar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san darajar rubutu. Waɗanda za a tambaya su ne suke ƙarewa. Yaron da yake da shekara 15 ranar da aka kwashe su daga gungu a 1968, wanda zai iya shiga jirgi ya nuna da sanda ya ce nan ne masallacinsu, can ne kasuwa, yau ya haura 70.